Yaushe za a cire tokarar dekin? Yadda ake koya wa kwamfuta ba da amsa

Babu abin da ke yawan haɗa ɗan kwangila da injiniya gardama a wurin gini kamar ranar cire tokara daga ƙarƙashin dekin. Ɗan kwangila na son katakonsa ya hau bene na gaba, injiniya kuma na fargabar kankaren bai yi ƙwari ba. Irin wannan hukunci ne masu bincike kan tafiyar da aikin gini suka duƙufa wajen koya wa kwamfuta tun shekarun 1980, bayan manhajar MYCIN ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa ana iya rubuta sanin likita a jerin ƙa'idoji na "idan kaza ne, to a yi kaza".

Manhaja irin wannan sassa uku gare ta: rumbun ƙa'idoji, bayanan aikin da ake kai, da injin da ke gwada bayanan da ƙa'idojin har ya fitar da hukunci. A ganina akwai na huɗu da bai kamata a tsallake ba, wato ta iya faɗin dalilinta. Injiniyan da zai sa hannu yana da haƙƙin ganin ƙa'idar da aka bi.

Rubuta ƙa'idojin farko ba wuya. Kundin kankare na Indiya, IS 456, ya ce allunan gefen ginshiƙi da bango ana iya cire su bayan awa 16 zuwa 24. Tokarar dekin da tazararsa ba ta wuce mita 4.5 ba, kwana 7. In ta wuce, kwana 14. Ta bim kuwa, wato doron kankaren da ke ɗaukar dekin tsakanin ginshiƙai, kwana 14 ne zuwa mita 6, kwana 21 in ya zarce. Sai dai kundin ya gindaya sharuɗɗa: siminti ya zama Portland na yau da kullum, zafin wurin kada ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma a ba kankaren ruwa yadda ya dace. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mai rubuta manhaja sai ya kwashi lambobin ya bar sharuɗɗan. Ranar da aka kawo simintin da aka gauraya da tokar kwal, wanda ƙarfinsa na farko ke zuwa a hankali, manhajar za ta ce a cire a kwana 7, ba ta san an sauya komai ba.

Shi ya sa ƙirga kwanaki kaɗai bai isa ba. Kankare da zafi da lokaci yake ƙwari. Hanyar Nurse-Saul, wadda ke cikin kundin gwaji na Amurka, ASTM C1074, tana tara biyun wuri ɗaya: a binne na'urar auna zafi a cikin dekin, a debe wani mizanin tushe daga zafin da aka auna, a ninka da awoyi. Mu ɗauki tushen a digiri 10 ƙasa da sifiri. Kankaren da ya yi kwana 7 a digiri 30 ya tara digiri 40 sama da tushen sau awa 168, wato 6,720. Wanda ya yi kwanakin nan a digiri 10 ya tara 3,360 kacal, sai ya kai kwana 14 zai kamo ɗan'uwansa. Amma lambar ba ta da amfani sai an fara gwada wannan haɗin kankaren a ɗakin gwaji, an san ƙarfin da kowace lamba ke nufi. Aka sauya siminti ko yawan ruwa, sai a sake gwajin.

Samfurin kankare mai milimita 150 da ake fasawa don auna ƙarfinsa shi ma yana ruɗarwa. Wanda ya kwana a tankin ruwa a ɗakin gwaji bai sha sanyi da iskar da dekin ya sha ba. Dole manhajar ta tambayi inda aka ajiye samfurin kafin ta yarda da sakamakonsa.

Sai nauyin da ke sama. Dekin da aka cire wa tokara sau da yawa yana ɗauke da tokarar bene na gaba da ɗanyen kankarensa. A watan Maris na 1973 wani sashe na ginin Skyline Plaza a jihar Bajiniya ta Amurka ya rufta, mutum 14 suka mutu, bincike kuma ya ɗora laifin a kan cire tokara kafin kankaren ya yi ƙarfi. Don haka ƙa'idar ba ta tsaya a bene ɗaya ba, sai ta duba na sama da na ƙasa, da ko an mayar da tokara bayan cire katako.

Tatsar ilimin daga bakin gwanaye shi ne aikin da ya fi cin lokaci. In ka tambayi tsohon injiniya ƙa'idarsa, abin da ke littafi zai karanto maka. Gara ka ajiye masa bayanan dekin ashirin daban-daban, ya yanke hukunci a kan kowanne, kana tambayarsa me ya sa. A nan ne za ka ji ya ambaci barandar da ta fito ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ko bulon da aka jibge a tsakiyar dekin.

Kafin a yi aiki da manhajar, a gwada ta da takardun ayyukan da aka riga aka gama, a kuma riƙa cire bayani ɗaya da gangan. Idan ba a shigar da nau'in siminti ko zafin wurin ba, amsar da ake so daga gare ta ita ce "ba zan yanke hukunci ba, ga abin da ya rage". Wadda ta cike gurbin da lambar kanta, a mayar da ita gyara.