Abin da Na Gano a Nazarin Juyin Juya Hali da Gallaza wa Masana

Lokacin da na zo zaɓar maudu'in kundin digirina na biyu a kimiyyar siyasa a nan Kano, tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: me ya sa juyin juya hali, wanda galibi masu ilimi ne ke share masa fage da alƙalaminsu, yake juyowa ya far musu? Malamin da ya duba aikin ya gindaya mini sharaɗi cewa kada in tara ƙasashe don yawa, in ɗauki kaɗan in yi musu tambaya iri ɗaya, wato yaushe aka fara gallazawar, wa ya ba da umarni, kuma da wane laifi aka tuhumi mutanen.

Na ɗauki Faransa da Rasha da Sin da Gini. Da na jera shekarun, sai na ga cewa gallazawa mafi tsanani ba ta zuwa a ranar da aka kifar da tsohuwar gwamnati, sai bayan sababbin masu mulki sun fara tsoron junansu. Juyin Faransa ya soma a 1789, amma sai a 1794 Condorcet, masanin lissafi da falsafa wanda ya goyi bayansa tun farko, ya mutu a kurkuku. A Sin an kafa mulkin kwaminisanci a 1949, amma a 1957 aka buƙaci masana su faɗi ra'ayinsu, sannan aka bi waɗanda suka yi magana da hukunci, tun kafin ta'asar Juyin Al'adu da ta ɓarke a 1966.

Rasha ce ta fi tsaya mini a rai. A 1922 gwamnatin Lenin ta zuba masana falsafa da marubuta a jiragen ruwa ta kore su daga ƙasar, kora ce dai, da ransu suka tafi. A zamanin Stalin kuwa, Nikolai Vavilov, wanda ya karaɗe ƙasashe yana tattara irin shuka don maganin yunwa, ya ƙi amincewa da koyarwar Lysenko, wani masanin noma da gwamnati ke ɗaure wa gindi, aka kama shi a 1940, yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943. Irin wannan ƙarshe Diallo Telli, babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na farko, ya yi a sansanin Boiro da ke Gini a 1977, inda gwamnatin Sekou Toure ta hana shi ci da sha har ya cika. Vavilov da Telli ba 'yan tsohon tsari ba ne, ma'aikatan sabon tsarin ne masu daraja ta kansu wadda ba shugaba ne ya ba su ba.

Kano ce ta tilasta mini faɗaɗa ma'aunin. Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, an kashe shi a tarzomar 10 ga Yulin 1981, kuma ba masu neman sauyi ne suka kashe shi ba, yana cikin masu neman sauyin. Saboda haka na ƙara babi kan zaluncin masu tsoron sauyi, na haɗa da ɗaurin da aka riƙa yi wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a shekarun 1950. Dattawan da na zanta da su a Gwammaja da Fagge har yau ransu na ɓaci idan an tayar da zancen, don haka duk wanda na zauna da shi sai in roƙe shi: "Baba, a rarrabe mini abin da aka gani da ido da abin da aka ji a bakin wasu." Na farkon kaɗai na shigar a babin.