Katangar da Muka Hana Numfashi

Shekaru uku da suka wuce, maginin da ya yi mana katanga a nan Jos ya ba ni shawarar a shafa wa duwatsunta man sheƙi domin kada ruwa ya ci su. Na amince nan take, domin duk wanda ya san yadda ruwan Agusta yake dukan gini a garin nan ba zai yi gardama ba. Bayan damina biyu sai fatar man ta fara kumbura tana ɓarewa daga gindin katangar, ƙarƙashinta ga wani farin gari kamar kanwa, fuskar dutsen kuma tana marmashewa.

Kowane dutse yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda ruwa yake shiga ta cikinsu ya kuma fita a matsayin tururi. Giranit irin na tsaunukan Shere kafofinsa kaɗan ne, galibi ba sa kai kashi 2 cikin ɗari na jikinsa, alhali na dutsen yashi suna iya kai kashi 20. Marmarar da muka yi gindin katangarmu da ita kuwa mashayiyar ruwa ce ta gaske.

Man sheƙi da fentin mai suna toshe bakin kafofin ne baki ɗaya. Ruwan sama ba ya shiga, gaskiya ne, amma danshin da yake hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri ya rasa mafita, sai gishirin ya daskare a bayan fatar, yana tunkuɗa ƙwayoyin dutsen har su rabu. Da zuwan hunturu, lokacin da katanga take neman bushewa, ɓarnar ta fi fitowa fili.

Sinadaran silan da silokzan, waɗanda su ma ake shafa wa dutse don kare shi daga ruwa, aikinsu daban ne, domin suna nutsewa su lulluɓe bangon kowace kafa ba tare da sun cike ta ba, ta yadda ɗigon ruwa zai gangare amma tururi ya sami hanya. Su ma ba a shafa su a kan jiƙaƙƙen dutse ko mai gishiri, kuma a ganina kashe kuɗinsu a kan giranit asara ce kawai.

Bana na sa an kankare man, an haƙa magudana a gindin katangar. Yanzu nakan yayyafa mata ruwa in tsaya ina kallo: inda dutsen ya yi duhu ya bushe da wuri, na san kafofin sun buɗe.