Busa turombon a Legas: karatu, dandali da koyarwa

Turombon shi ne kakakin nan na tagulla da ake zura wa hannu gaba da baya, wanda kuke gani a sahun gaba na bandin soja ranar fareti. Da shi na yi karatu har jami'a a nan Legas, da shi nake cin abinci, shi kuma nake koyarwa. Yawancin yaran da ke zuwa wurina 'yan bariki ne daga Ojo da Obalende, sai 'yan Agege da Idi-Araba, da waɗanda suka taso a bandin coci na masu jin Hausa. Kusan dukansu da rabin sana'a suke zuwa: wani yana da kunne ba ya karanta takarda, wani yana karanta takarda amma in aka ɗauke ta daga gabansa ya tsaya cak. A garin nan mai rabi ba ya daɗewa, domin aikin da ake kiran mutum yau na takarda ne, na gobe kuma na kunne.

Hanyoyin karatu sanannu ne. Ta jami'a sai ka bi ta JAMB da kiredit biyar har da Turanci. Jami'ar Legas da ke Akoka tana koyar da kiɗa, haka ma jami'ar jihar da ke Ojo. Wanda zai iya barin gari akwai Ife, akwai kuma Nsukka, inda sashen kiɗa yake tun 1961. Sai makarantar MUSON, wato ta ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, da ke Onikan, mai difiloma ta shekara biyu, wadda gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Shiga can sai ka ci gwajin busa da na ƙa'idojin rubutun kiɗa. Wanda ya shiga kaki yana da makarantar kiɗa ta sojan ƙasa a Ojo da ta sojan ruwa a Ota. Bambancin da na gani shi ne jami'a tana ba ka digiri da faɗin ilimi, tarihin kiɗa da nazari da piyano, amma lokacin da za ka zauna da malamin kayanka kaɗan ne. Difiloma kuwa ta fi matsa maka a kan busar kanta. Da yawa sukan haɗa biyun, kuma ni ma shawarar da nake bayarwa ke nan in hali ya yi.

Kafin ka cike fom ko'ina, je da ƙafarka ka tambaya: wa ke koyar da turombon a nan? Ba wai wa ke koyar da kayan tagulla ba. Sau da yawa malamin ɗan tirompet ne, zai gyara maka numfashi da zaman leɓe, amma akwai abu guda da ba zai iya nuna maka ba, kuma shi ne ruhin kayan namu. Mai tirompet in yana son haɗa sauti biyu ba yanka, maɓalli kawai zai danna yana ci gaba da hura iska. Kai in ka ja silaid, wato bututun da ke zuruwa, ba ka sa harshe ba, sautin zai zame kamar kukan jiniya. Dole ka taɓa dasashi da harshe a hankali, kamar mai cewa "da" ko "la", a daidai lokacin da hannu ke tafiya, iska kuma ba ta tsaya ba. Hannun zai jira har ƙarshen sautin farko, sannan ya tafi da sauri ya tsaya cak. Kuskuren da na yi shekara guda ina yi, kuma nake ganin kowane sabon ɗalibi yana yi, shi ne rage iska lokacin da hannu ke tafiya don ɓoye zamewar. Sai kiɗan ya fito gutsi-gutsi, kowane sauti da kumburi a tsakiyarsa. Maganinsa ka busa layin gaba ɗaya ba harshe, ka bar shi ya zame yadda yake so har ka ji iskar ta zama igiya ɗaya, sannan ka mayar da harshen a kai. Darussan Bordogni da Rochut ya tsara wa turombon don wannan aikin ake amfani da su, kuma darasi ɗaya a mako ya isa in an yi shi da gaske.

Matsayar silaid bakwai ce, kowace tana sauke sauti da rabin mataki, kuma tazararsu tana ƙaruwa yayin da hannu ke nisa. Ba alama a jikin ƙarfen, kunne ne ma'auni. Ba kuma kowane sauti ke zama a tsakiyar matsayarsa ba. F na sama a matsaya ta ɗaya yakan ɗan hau, sai ka saki silaid kaɗan. D da ke ƙarƙashinsa yakan ɗan sauka. G na sama a matsaya ta biyu sai ka gajarta ta sosai, A filat na sama kuwa, wato A da aka sauke da rabin mataki, kada ka neme shi a ta ɗaya, ka ɗauko shi a ta uku. In kayanka yana da tiriga ta F, wato maɓallin babban yatsa da ke ƙara tsawon bututu, da ka danna ta matsayun sun koma shida kuma sun ƙara nisa da juna. Wanda ya danna tiriga ya ci gaba da amfani da tsofaffin wuraren zai yi ta fita layi bai san dalili ba.

Inda 'yan bandi suka fi shan wuya a shekarar farko shi ne kilef, wato alamar da ke farkon takardar kiɗa mai nuna sautin da kowane layi yake nufi. A bandin tagulla irin na Salvation Army, mai tena turombon da tirebul kilef yake karatu, a juye zuwa B filat. Wasu ma da do re mi kawai suka taso. Jami'a da okestira kuwa bas kilef ne gida, sannan tena kilef, sannan alto ga mai busa na ɗaya a tsofaffin ayyuka. Kada ka yar da abin da ka zo da shi, domin riba ce: takardar tirebul ta bandi da tena kilef wuri ɗaya sautukansu suke zama a kan layi, filat biyu kawai za ka ƙara a farkon layin, ka kula da alamomin da ke faɗowa a tsakiya. Wanda ya taso a bandi ya riga ya iya tena kilef bai sani ba. Bas kilef ne zai zauna ya koya daga tushe, kuma minti goma kullum na karanta sabon abu da bai taɓa gani ba, da metironom, na'urar da ke buga lokaci, ba tsayawa gyara kuskure, ya fi awa biyu ranar Asabar.

Jarrabawar matakai ta ABRSM ko Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa na Birtaniya, daga 1 zuwa 8, tana da amfani ko da kana jami'a, saboda makarantun kuɗi da na ƙasashen waje sun san ma'aunin. Ka lura, ABRSM ba ta barin ka zauna mataki na 6 zuwa sama sai ka ci mataki na 5 na ƙa'idoji ko makamancinsa. Ka gama da wannan da wuri.

Batun kaya. Ƙaramin bututu, mai faɗin ciki inci 0.500 ko 0.508 irin King 3B, shi ne na afrobit da hailaif da jaz: sautinsa yana da kaifi, yana ratsa ganguna. Babban bututu, 0.547 da tiriga irin Conn 88H ko Bach 42B, shi okestira ke so. Mai kuɗin guda ɗaya ya nemi matsakaici, 0.525 mai tiriga, zai shiga ko'ina da shi ba kunya. Bakin busa na 12C da yakan zo da kayan koyo ya yi ƙanƙanta ga ɗan jami'a. 6½AL ya fi, mai babban bututu kuma 5G, amma ka duba ƙafarsa, wato ɓangaren da ke shiga bututu, domin ta ƙaramin kaya ba ta zama a babba. Yawancinmu na hannu muke saye, kuma a nan silaid kaɗai za ka duba da farko, ƙyalli ba komai ba ne. Goge shi tas, ka karkata shi: in bai gangara da nauyin kansa ba, akwai lotsawa ko karkacewa. Duba ƙarshen bututun ciki ko farin rufin ya cinye. Cire sashen silaid, toshe baki ɗaya da babban yatsa, ka hura ta ɗayan. In iska na fita, ko toton maɓallin zubar da ruwa ya mutu, wanda gyaransa ba wuya, ko ƙarfen ya huje. Jajayen ɗigo a jikin tagulla alamar ruɓewa ce daga ciki, ba ta warkewa, kada ka saye shi.

Iskar Legas mai laima da gishiri ba ta raga wa tagulla. Zubar da ruwa ka goge gumin hannu duk bayan busa, kada ka rufe akwati kayan yana jiƙe. Kowane mako ka cire tsohon mai da sanda da ƙyalle mai laushi kafin ka sa sabo, ɗan kaɗan a ƙarshen bututun ciki, ka fesa ruwa. Mai a kan tsohon mai shi ke sa silaid nauyi, musamman da hunturu in ƙura ta sauko. Wanka wata-wata da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, don zafi yana ɓare fentin. A danfo kuwa akwatin a tsaye tsakanin ƙafafunka, ko ka biya masa kujera. Kada ka yarda kwandasta ya tura shi but. Lotsawar da ido ba ya gani ta isa ta hana ka aiki mako guda.

Wuraren busa suna da yawa, amma ba daidai suke ba. Okestira mutum uku kawai take ɗauka, na ɗaya da na biyu da bas, kuma ayyuka da yawa ba turombon a cikinsu. Messiah na Handel da ƙungiyoyin mawaƙa ke yi kowace Disamba, a asalin rubutunsa tirompet yake nema, ba mu ba. Saboda haka kujerar okestirar MUSON abin nema ce don gogewa da suna, ba don kuɗin haya ba. Abin da ke cika mako shi ne coci, jana'iza da biki na mutanen gari, bandin da ke zagaya titi, situdiyo, da rukunin masu busa na afrobit irin wanda ake gani a New Afrika Shrine da ke Agidingbi, musamman a makon Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, cikin Oktoba. Ga ɗan'uwa Musulmi, gaskiya ita ce kaso mai yawa na aikin nan a coci yake ko a wurin da ake shaye-shaye, kuma gara mutum ya yanke wa kansa iyaka tun kafin ya shiga, ya san cewa in ya rufe waɗannan ƙofofin to kaki da okestira da situdiyo da aji ne suka rage masa. Ana rayuwa da su, na ga masu yi.

A irin waɗannan wurare ba mai miƙa maka takarda. Oga zai rera layin sau ɗaya, ya ce kii kaza, wato sautin da waƙar ta ginu a kansa, kuma kii ɗin na mai jita ne ko na mawaƙi, E ko A ko B, inda hannun ɗan bandi bai saba zuwa ba. Abin da ya fitar da ni shi ne ɗaukar waƙa guda da na haddace, ko ta gargajiya ce, in busa ta a kii goma sha biyu, ɗaya kowace rana. Sai kuma kwafe layin masu busa daga faifai da kunne, in rubuta shi da hannu. Wannan aikin guda yana gina kunne da karatu tare. Ka kuma tuna zafi yana ɗaga sautin tagulla, sanyi yana sauke shi: wanda ya daidaita kayansa a rana a bakin ƙofa ya shiga zaure mai na'urar sanyaya ɗaki zai ji ya faɗi ƙasa da kowa. Ka shiga da wuri, ka hura iska mai ɗumi a ciki, ka sake aunawa.

Leɓe nama ne, yana gajiya. Bayan awa huɗu na zagayen titi, washegari dogayen sautuka marasa ƙarfi kawai nake yi na minti ashirin. Danna bakin busa da ƙarfi don kamo sautin sama shi ke kumbura leɓe, kuma alamar iska ce ta gaza. Man kaɗanya da dare yana hana tsagewa, amma a goge shi kafin busa. Mai azumi ya mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki, don busasshen baki ba ya riƙe sauti. A gidan haya kuma abin toshe sauti yana raba ka da faɗan maƙwabta, sai dai yana ƙara turjiya yana kuma gurɓata ma'aunin kunne. Kada ya wuce rabin atisayenka.

Koyarwa ce ke riƙe yawancinmu, kuma tun a aji biyu ya kamata ka fara. Makarantun kuɗi na Lekki da Ikoyi da Ikeja suna neman malamin da zai riƙe kayan tagulla duka, don haka ka koyi yatsun tirompet da yufoniyam, ba wuya ga wanda ya san matsayu bakwai. Aikin dindindin yana son takardar koyarwa, PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai. Yaro ƙasa da shekara tara ko goma hannunsa ba ya kai matsaya ta shida da ta bakwai. In ka tilasta shi zai karkatar da kai, bakin busa ya goce, kuma gyaran wannan ya fi koyarwar farko wuya. Ka zaɓa masa waƙoƙin da ba su wuce ta biyar ba, a kan turombon roba mara nauyi irin pBone, minti talatin. Darasin gida ka karɓi kuɗin zango gaba ɗaya tun farko, ka kuma tara ɗaliban tsibiri a rana ɗaya, na Ikeja da Agege a wata, in ba haka ba gadar Third Mainland za ta cinye ribar.

Mai son digiri na biyu a waje, gwajin farko da bidiyo ake yi. Jami'o'in Amurka da dama suna yafe kuɗin makaranta ga wanda zai taimaka da koyarwa, kuma a nan shekarun da ka yi kana koyar da yara suke zama hujja. Abin da aka fi tambaya shi ne konsatino na Ferdinand David, darasin haɗa sauti guda, da gutsattsarin okestira irin Tuba mirum na Mozart, wanda na mai busa na biyu ne kuma a tena kilef yake, da Bolero na Ravel. Ka ɗauki bidiyon a zaure ko coci da ba kowa, da sassafe kafin janaretoci su tashi, wayar tana nesa da kai kamar taku biyar, a ɗan gefe ba saitin bakin kayan ba, fuska da hannun dama duka suna fitowa, kuma kowane aiki a ɗauka ɗaya ba yanka.