Abin da firam ɗin tabarau ya koya mini game da ƙyalli

Sana'ata fentin babura ce a wani ƙauye da ke gefen Wudil, amma duk ƙaratowar Sallah samari kan kawo mini baƙin tabarau na roba da suka saya a kasuwar Juma'a. Buƙatarsu ɗaya ce: "Malam, a sa firam ɗin nan ya riƙa walƙiya kamar salansar sabon babur." Aikin ƙarami ne, kuɗinsa ma haka, amma shi ya fi buɗe mini ido a kan fenti.

Gwangwanin feshi mai murfin sheƙi da muke sayowa a Sabon Gari ba kurom ne a cikinsa ba, wato ƙarfen da ke sa salansa walƙiya. Ɓarɓashin alminiyom ne masu faɗi da ke tasowa su kwanta a saman fentin. Shi ya sa da ka bi shi da kiliya (fenti marar launi da ake rufe aiki da shi) mai tina (ruwan tsinka fenti), sai ɓarɓashin su hargitse, ƙyallin ya koma ruwan toka. Kamfanoni ba haka suke yi ba. Wasu na sa robar a tukunyar da aka zuƙe wa iska, a dafa alminiyom har ya zama tururi ya manne mata. Wasu kuma na jiƙa roba samfurin ABS a ruwan asid, su ɗora mata nikel da jan ƙarfe, sannan kurom ta hanyar lantarki. Wannan ruwan asid ɗin guba ne mai jawo ciwon daji, ba na fata wani ya kawo shi garin da ake shan ruwan rijiya. Akwai kuma feshin ruwan azurfa, dabarar da Bajamushe Justus von Liebig ya fito da ita don madubi a 1835, sai dai kayanta sun fi ƙarfin aljihun shago irin nawa.

Inda aikin yake shi ne shimfiɗar ƙasa. Azurfar sama, wato fentin gwangwanin nan mai ruwan azurfa, siririya ce ƙwarai, ba ta rufa wa kowane kurji asiri, sai ma ta ƙara fito da shi. Nakan cire gilasan, in wanke firam da sabulu saboda maiƙon hannu, in goge shi da samfefa mai lamba 800 a cikin ruwa, in gama da 1500. Daga nan firaimar roba, wato shafen farko da ke sa fenti ya kama, sai baƙin fenti mai sheƙi, a bar shi ya kwana biyu ya bushe sarai. Kafin in ci gaba nakan ɗaga shi a bakin ƙofa in duba layukan kwanon rufi a jikinsa. In sun fito a miƙe, to. In sun yi ruwa-ruwa, sai a koma kan samfefa, ko da mai kaya na tsaye yana ta "Malam, jibi fa Sallah". Azurfar kuma daga nesa ake watsa ta, sama-sama, har baƙin ya riƙa leƙowa kaɗan. Wanda ya labta ta ya kashe ƙyallin.

Ƙura babbar abokiyar gaba ce, musamman da hunturu. Da sanyin safiya nake feshi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa, in kifa kwali a kai.

Roba ma suna ta tara. Wata tina kan tsattsaga ta, galibi wajen mahaɗin hannu, wata kuma ta yi laushi ta lotse, don haka nakan fara ɗiga kaɗan a cikin hannun firam inda ido ba ya kaiwa. Wurin da ke zama a kan hanci da bayan kunne kuwa da tef nake rufe shi ya zauna baƙi, domin gumi zai ci fentin, fata kuma ba ta son sa. Kafin in karɓi kuɗin kowa nakan gaya masa cewa wannan ƙyalli zai raka shi hawan Sallah da 'yan makonni, in ya kiyaye shi daga mabuɗai a aljihu yana goge shi da tsumma mai laushi. Wanda yake son na shekaru, nakan ce ya nemi firam na ƙarfe.