Na Haɗa Sola a Gidana: Abin da Lambobin Jikin Kaya Ba Sa Faɗa

A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, kowane magidanci dole ya nemo wa gidansa mafita. Wani janareta, wani fitilar caji, wani ya rungumi duhu. Ni kuɗin mai ne ya ishe ni, ga hayaƙi, ga ƙarar da ke hana yara barci, sai na ƙudurta haɗa sola. Mutum kusan miliyan 600 ne a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki ko kaɗan, masu layin ma da yawa sai an yi sa'a. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun China, wadda ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya. Abin da a dā sai mai hali, yau ɗan albashi ma yana iya sa shi a rai. Sai dai kasuwa ta cika maƙil, mai kyau da jabu suna jere a kanta ɗaya, kuma ba kowa ke tsaye yana duba maka ko abin da aka manna a jikin kaya gaskiya ne ba.

Kafin in taka kasuwa na je wurin wani dattijo mai aikin wuta da aka yaba mini. Ina fara tambayar kuɗi ya tsayar da ni.

"Malam, ajiye maganar kuɗi tukuna. Ɗauko biro da takarda. Me za ka kunna, kuma awa nawa?"

Muka zauna muka jera. Ƙwan fitila 6, kowane wat 9, awa 5, ya ba da wat-awa 270. Fanka 2 masu wat 60, awa 8, ya ba da 960. Talabijin wat 50, awa 4, ya ba da 200. Cajin wayoyi da kwamfuta muka sa 120. Jimilla 1,550. Ya ƙara kusan kashi 15 saboda abin da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar baturi irin ta gida, ke ci da kanta, muka tashi a wajen 1,800. Na daɗe ina kallon takardar, don kusan kashi biyu cikin uku na wutar duk fanka ce ta cinye. Na ce, "To Baba, sai dai a ƙara baturi ke nan?" Ya girgiza kai, ya ce a sauya fankar. Akwai fankoki na zamani da ke cin wat 25 ko makamancin haka, iskarsu kuma ba laifi. Da su, 960 ya koma 400. Rage abin da gida ke ci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen baturin da zai ɗauke shi, amma da wuya ka ji wannan shawara a bakin mai sayar da baturi.

Baturin shi ne wurin da kuɗi suka fi tafiya, kuma nan aka fi cutar mutane. Dattijon ya ce in ɗauke shi kamar randa, faranti kuma shi ne mai ɗebo ruwa: komai ƙoƙarin mai ɗiba, abin da randa ta riƙe shi za ka sha da dare. Baturin dalma mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana ɗaukar wat-awa 2,400 a takarda, wato 12 sau 200. Amma in kana so ya yi ƙarko, rabi kawai za ka riƙa ja, wato 1,200. In kullum kana tatse shi har ƙasa, cikin 'yan watanni zai fara kwanciya tun kafin tsakar dare. Na litiyam, irin da ake rubuta wa LiFePO4, ana iya jan kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau 3,000 ko fiye, alhali na dalma daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa wajen 1,500, gwargwadon nau'insa da yadda aka riƙe shi. Kuɗin litiyam a rana ɗaya ya fi ciwo. Da na raba kuɗin kowanne da yawan dararen da zai yi mini aiki, sai na ga shi ne mai sauƙin. Na jinkirta sayen har na tara abin da zai isa, na ɗauki na litiyam mai bolt 24 (ainihinsa 25.6) da 100Ah, wato wat-awa 2,560, don ya bar mini rara ranar da rana ba ta fito ba.

Ga wanda aljihunsa ya tsaya a na dalma, kuma ba laifi ba ne, abu ɗaya na koya: dalma nauyi gare ta, ba a iya ɓoye ƙarancinta. Na gaske mai 200Ah yana kai wa wajen kilo 60, sai mutum biyu. In yaro ɗaya ya ciccibo maka shi yana tafe yana hira, ka sa a ɗora a sikeli kafin ka biya.

Ranar sayen faranti na tafi da tef ɗin awo a aljihu. A wani shago aka fito mini da guda, sabo fil, ledarsa ba a ko yaga ba, a bayansa an manna takarda mai cewa 300W, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa da na sauran shaguna sosai. Na durƙusa na auna. Tsawo mita 1.2, faɗi santimita 67, wato kusan murabba'in mita 0.8. Ana gwada faranti ne a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma farantan kasuwa masu kyau suna mayar da kashi 20 zuwa 22 nasa lantarki. Murabba'in mita ɗaya ke nan zai ba da wat 200 zuwa 220. Wannan da ke gabana iyakarsa wajen 170. Kafin faranti ya ba da 300 na gaskiya, sai ya kusa murabba'in mita ɗaya da rabi.

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, ai sabuwar fasaha ce, shi ya sa ya yi ƙarami."

Na ce, "Alhaji, ga lissafin, duba da kanka."

Ya karɓi takardar ya yi shiru. Ban ɗauka ya yi niyyar cuta ta ba. Na fi zaton shi ma haka aka sauke masa kayan, ya karanta abin da aka rubuta ya gaskata. Abin da ke damuna ke nan a wannan harka: ƙaryar tana fitowa tun daga nesa, tana bi ta hannun mutane da yawa waɗanda ba su da abin gwada ta, har ta ƙare a kan rufin wani da ya yi shekara yana tari. In fitilarsa ta mutu da ƙarfe goma na dare, sai ya ce sola ba ta aiki, maƙwabtansa goma su fasa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ni ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Laifin yana wurin wanda ya buga 300 a kan abin da ya san 170 ne, da kuma hukumomin da suka bar kayan ya shigo.

Maganar inbata ba ta da tsawo. Abin da aka rubuta da kVA ba wat ba ne. A yawancinsu 1kVA wajen wat 800 ne. Na nemi wadda wutarta ke fita sumul irin ta layi, don masu arahar suna sa fanka gurnani, injinta ya yi zafi. Kwantirolar caji kuma, wato na'urar da ke daidaita wutar da faranti ke turawa baturi, na ɗauki nau'in da ake kira MPPT maimakon PWM, saboda ta fi tatso abin da faranti ya samar.

Ga ƙananan kaya, irin fitilun sola da ƙaramin saiti mai ƙwai uku ko huɗu, akwai jerin da VeraSol, wani shirin tantance ingancin kayan sola, ke sakawa a intanet na waɗanda aka gwada a ɗakin gwaji aka tabbatar abin da suka faɗa haka yake. Shirin ya samo asali ne daga Lighting Africa, wanda Bankin Duniya da reshensa mai suna IFC suka fara a 2007. Amma wanda zai sayi kayansa ɗaya bayan ɗaya ya haɗa, kamar yadda na yi, kariyarsa tana ga takardar da ya karɓa. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kare mai saye, ciki har da ba shi bayani na gaskiya da hanyar bin haƙƙinsa, kuma ƙasashe da yawa sun kafa hukumomi don haka. Duk inda za ka kai ƙara, abin da za a fara tambayarka shi ne rasit. Don haka na tsaya a kan a rubuta mini sunan kowane kaya, ƙarfinsa, lambar jikinsa, ranar saye da tsawon garanti, a sa hannu a buga hatimi. Wani mai shago ya ce, "Haba Malam, ai mun zama 'yan uwa, maganata ta isa." Na gode masa, na sayi nawa a wani wuri. Bayan wasu watanni kwantirolar ta daina caji. Na koma da ita da takardata, aka duba lamba, aka ba ni sabuwa ba musu.

Da aka gama haɗawa, dattijon bai tafi ba sai da muka gwada baturin, domin akwai masu tattara tsofaffin ƙwayoyin litiyam su zuba a sabon akwati. Muka cika shi taf, muka cire faranti, muka kunna kayan da jimillarsu wat 200 ce, muka duba agogo. Mai wat-awa 2,560 ya kamata ya yi awa goma zuwa sha ɗaya. Ya yi. Da ya mutu a awa shida, da washegari zai koma inda ya fito, tun rasit bai bushe ba.

Sauran abubuwan zama da kayan ne ya koya mini su. Na farko zafi. Lambar jikin faranti an same ta ne yana kan digiri 25, alhali a kan rufi da tsakar rana yana iya haura 60, kuma kowane digiri na ƙari yana rage wajen kashi 0.4 cikin 100. Asarar kashi 12 zuwa 15 ke nan a daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Shi ya sa aka ɗaga nawa aka bar sarari tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Baturi ma ba ya son zafi. Na dalma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin tsawon rayuwarsa, don haka ɗaki mafi sanyi a gida shi ne wurinsa. Na biyu ƙura. Ina ganin lambar kwantirola tana sauka a hankali, in na hau da sassafe na wanke da ruwa da tsumma mai laushi sai ta dawo. Inuwar reshe ɗaya a kan kusurwar faranti ma tana iya janyo ƙarfin dukan jerin ƙasa.

Akwai kuma maganar mataccen baturin dalma, da nake yi wa duk wanda ya zo neman shawara. Masu saye suna bi gida gida, wasunsu fasawa suke su narka dalmar a tsakiyar unguwa. A Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma daga irin wannan sana'a. Tsohon baturi a mayar wa dillalin da ke karɓa ya kai masana'anta, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Firji har yanzu ban ɗora ba. Uwargida ta tambaya, muka ɗauko takardar nan muka sake lissafi tare. Injinsa yana fizgar ninki uku ko fiye na wutarsa a lokacin tashi, kuma aikinsa dare da rana ne, ga shi ƙarami ma yana iya cin kusan abin da dukan gidan ke ci yanzu. Zai buƙaci ƙarin faranti biyu da inbata mai girma. Mun sa shi a lissafin baɗi.