Tambaya ɗaya, jira ɗaya: aika buƙatar HTTP da Rust

Kwanakin baya na rubuta wata 'yar manhaja da harshen rubuta manhaja na Rust, wadda duk aikinta shi ne ta nemi bayanan yanayi daga wata sabar kowace safiya, ta ajiye amsar a fayil, ta rufe. Kayan aikin da Rust ke zuwa da su na ɗauke da TcpStream na buɗe haɗi tsakanin kwamfutoci, amma babu komai na HTTP, ƙa'idar neman bayanai a yanar gizo, a cikinsu, don haka dole mutum ya ɗauko kunshin da wasu suka rubuta.

Tun da async da await, hanyar ci gaba da wasu ayyuka yayin jiran amsa, suka tabbata a siga ta 1.39 a watan Nuwamban 2019, yawancin misalan da ake gani suna kai sabon shiga ga Tokio, kunshin da ke tafiyar da ayyukan async. Wannan tsari ya dace da sabar da ke hidimar dubban mutane a lokaci guda, amma ga manhajar da ba ta da abin yi sai jiran amsa ɗaya, ni dai ina ganinsa kamar ɗauko tirela ne domin kai buhu ɗaya kasuwa.

Na fara da kunshin reqwest na Sean McArthur, na kunna sashensa na blocking, mai tsayawa ya jira amsa, a cikin Cargo.toml, fayil ɗin da ake lissafa kunshin da manhaja ke buƙata. Layi uku suka isa. Sai dai ko a nan Tokio na nan yana aiki a ɓoye, kuma na gane hakan daga yawan kunshin da cargo, kayan aikin haɗa manhaja na Rust, ya sauko da su, ina zaune ina kallon data tana tafiya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi nawa ne. Wata safiya na buɗe fayil ɗin na tarar da shafin 404, wato amsar cewa ba a sami abin da aka nema ba, a ciki, domin reqwest ba ya ɗaukar irin wannan amsa a matsayin gazawa sai an kira error_for_status, ni kuwa ban kira ba. Kwana uku manhajar tana ajiye shirme ba tare da ta ce uffan ba.

Daga baya na koma kunshin ureq na Martin Algesten, wanda tun asali aka gina shi don jira, yana ɓoye bayanan da ke kan hanya da kunshin tsaro na rustls, kuma yana mayar da amsoshin 400 zuwa 500 da 'yan kai a matsayin kuskure kai tsaye. Iyakar lokacin jira ce kaɗai na saka da hannuna, daƙiƙa 20, saboda sabar da ta karɓi haɗi ta yi gum tana iya riƙe manhajar har rana ta take.