Inda na kai da ɗaukar hoton walƙiya a daminar bana

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da damina. Saitin kyamara ya zauna mini yanzu: ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara), f/8 (faɗin ƙofar da haske ke shiga), in bar ido a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20, in kashe fokas na atomatik in saita shi da hannu a kan fitila mafi nisa da nake hangowa. Sai a yi ta dannawa. Yawancin hotunan baƙi ƙirin suke fitowa, ana cikin haka ɗaya ya kama reshen wuta. Wannan ba ya da wuyar koyo.

Abin da ya fi cin lokacina bana shi ne wurin tsayuwa. Wasunku sun turo hotuna daga saman bene, wani ma daga kan Gadar Kennedy ta nan Yamai. Sun yi kyau, amma ban yaba ba. A saman bene kai ne abu mafi tsawo, ga tankin ruwa, ga eriya, ga sandunan ƙarfen da magina suka bari a tsaye don ƙarin hawa, ga ƙafafun kyamararka uku na ƙarfe. A kan gada kuwa fili ne fetal, ba inda za ka ruga.

Lissafin da nake bi: ƙara tana cin kilomita 1 cikin kusan daƙiƙa 3. Da na ga walƙiya sai in fara ƙirga har tsawa ta iso. In bai kai 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, na tattara. Hadarinmu na Yamai daga gabas yake tasowa, jan bango na ƙura a gaba, kuma yakan yi gudun kilomita 50 a awa, wato kilomita 10 ɗin nan minti 12 ne kacal. Kwance kyamara, naɗe ƙafafu, sauka matakala cikin duhu da iska, lokacin ya tafi. Kuma aradu ba ta jiran ruwa ya sauko, tana iya faɗuwa kilomita 15 daga inda ake ruwan, kai kana ganin taurari bisa kanka.

Don haka na koma ɗauka daga cikin mota, gilasai a rufe, kyamara a waje bisa ƙafafunta cikin leda, ina danna ta da rimot maras waya. Jikin ƙarfen motar ne ke zagaya da wutar ta waje zuwa ƙasa, ba tayoyi ba, shi ya sa babur ba ya kare kowa. Rumfar mai shayi ma haka, da gindin bedi. Ba sai aradu ta faɗo a kan mutum ba: wutar na bin ƙasa, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Abin da ke kashe garken shanu lokaci guda ke nan, tunda ƙafafunsu na da tazara.

Wani abu kuma, hadarin nesa ya fi ba da hoto. Na kusa fari fat yake wanke komai, ruwa ya ɓata gilashi, ƙura ta cika ido. Mafi kyau da na samu bana hadari ne da ya bi ta kudu, wajen garin Kollo, ko tsawarsa ba a ji: rassa shuɗi-shuɗi sun sauko bayan itatuwan bakin kogi, haskensu kwance a kan ruwa, har wani kwalekwale da ke ɗaure ya fito sarai. Daren an ɗauke wuta a unguwar, wanda ya taimaka ƙwarai.

In hadari ya wuce yamma, a ba shi minti 30 daga tsawar ƙarshe kafin a fito, ko da walƙiya na ta kiran mutum ta bayan Harobanda, unguwar hayin kogi. In kuma, Allah ya kiyaye, aradu ta taɓa wani a gabanku, ku kai masa ɗauki nan take, kada ku ji tsoron taɓa shi, wuta ba ta zama a jikinsa. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji, wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Yanzu ina gwada ɗauka da magariba, lokacin da sama ke da sauran haske, kuma a nan daƙiƙa 20 ta yi yawa, sai an rage zuwa 2 ko 3 an matse ido zuwa f/16.